Kitse a Rufin Mota

Shekarun baya, tun Turawa ba su tafi ba, ina amarya a Agege, mai gidana ya sayi wata tsohuwar mota a hannun wani Baturen reluwe da zai koma ƙasarsu. Baƙa ce, rufinta na tamfol, ana naɗe shi baya in an ga dama. Shi fataucin goro yake yi, haifaffen Legas ne, Hausarsa ma rabi Yarbanci. Ni kuwa daga Kano jirgin ƙasa ya kawo ni, ba da son mahaifiyata ba. Cewa ta yi, wa zai ga halin da nake ciki a can bakin teku?

Motar lafiya lau take tafiya, rufin ne fitina. Da ta hau hanya sai ƙarafan da ke riƙe da tamfol ɗin su fara kuka, ƙiii-ƙiii, ƙugiyar gaba tana amsa musu, ƙwas-ƙwas. Ba abin da bai gwada ba. Ya goga sabulu, ya ɗiga kyandir, ya cusa robar tsohuwar taya. A yi kwana biyu shiru, sai kukan ya dawo da sabuwar murya.

Ana nan aka aiko cewa mahaifiyata na tafe ganin ɗakina. Hankalinsa ya tashi.

"Ba zan ɗauko Inna cikin wannan kukan ba," in ji shi. "Dama ba ta yarda da ni ba."

Ni da iyayina na ce ya shafa kitse, ai da shi muke kashe kukan ƙofa a gidanmu. Ya je wurin mahauta ya samo, na narkar, ya bi kowace gaɓa ya shafe. Rufi ya yi tsit. Ranar har tafiyata sai da ta canja don alfahari.

Jirgi ya makara, mota ta sha rana a tasha. Inna ta sauko da sabon farin mayafi. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe. Muka shiga baya ni da ita. Ba mu yi nisa ba ɗigon farko na narkakken kitse ya sauka a kafaɗarta, wani ya biyo. Ta shafa, ta sansana, ta dube ni.

"Ke, a kwatar mahauta kuke kwana?"

Kafin in sami amsa hadari ya taso, ruwan Legas kuwa ba ya sallama. Iska ta bugo, ƙugiyar gaba da ta sha kitse ta suɓuce, rufin ya ɗaga sama. Ya cafke shi da hannu ɗaya, ɗaya na kan sitiyari, yana ta salati da Yarbanci a haɗe. Mutumin da ko ido ba ya iya haɗawa da surukarsa sai ga shi yana ihu, "Inna, don Allah ku kama!"

Ta kama, na kama. Shi ya jawo tamfol ɗin ya karkatar ta kanmu, ruwan duk ya koma yana zuba a wuyansa. Haka muka isa gida. Da Inna ta ga ya fito yana ɗiga, yana ta ba da haƙuri, sai ta ja mayafi ta rufe baki. Dariya take yi har da hawaye.

Washegari ta yayyaga mayafin nan da ya ɓaci ta miƙo mini. "Ki ba shi ya nannaɗe ƙarafan. Gogar juna suke yi." Ya nannaɗe, kukan ya ragu sosai, ko da yake bai taɓa dainawa gaba ɗaya ba.

Ranar komawarta, ta leƙo ta tagar jirgi ta ce da ni a hankali, "Hankalina ya kwanta. Ki riƙe yaron nan."

Ba ta sake zuwa ba. Wani mai fataucin goro ne ya sauko daga jirgi da labarin rasuwarta, an riga an kai ta. Shi ma mai gidana ya daɗe da barin duniya. Jikokina suna dariya in na ba su labarin nan, ni ma ina taya su. Amma mu uku ne muka riƙe rufin nan a cikin ruwa, kuma yau ba ni da wanda zan juya in ce wa, ka tuna?