Yadda Mai Fanka Ya Sauka Daga Mulki

Mai Fanka dai kowa a layin ya san shi, shagonsa ɗan ƙarami ne a ƙarƙashin bene, fankoki a rataye ta ko'ina, wasu ba kai wasu ba fukafukai, shi kuma yana kan benci yana naɗin kwayil, wayar cikin injin fanka, hannu kullum baƙi ƙirin da giris. Yayansa ne ya kai shi koyon aikin tun yana yaro, don babansu ya rasu da wuri, yayan ya riƙe gida da tuƙin babbar mota. To abin da mutanen layi ba su sani ba, wannan mutumin shugaban ƙasa ne. A waya fa. Akwai wani wasa a intanet da ake yin ƙasa ta ƙarya, da majalisa da jam'iyyu da zaɓe da tsarin mulki, komai da komai, mutane daga ko'ina, ba wanda ya san fuskar wani sai sunan da ka sa wa kanka.

Yayan ne ya fara shiga, bayan mota ta faɗi da shi bayansa ya karye. Tun daga nan yake kwance a ɗakin Inna mahaifiyarsu, sai an juya shi, sai an ɗaga shi. Amma a wasan sunansa Direba kuma kowa ya ɗauka har yau yana kan hanya, don haka yake rubuta musu, yau taya ta fashe, yau ruwa ya tare mu a gada. Nan kaɗai yake fita, nan kaɗai ba a ce masa sannu. Shi ya jawo ƙanensa ciki, ya nema masa ƙuri'a har ya ci zaɓe.

To tsarin mulkin nasu ya ba shugaba ikon korar duk wanda ya ga dama daga ƙasar, danna abu ɗaya kawai, ba tambayar kowa. Mai Fanka ya kori mutane, wasu da laifi wasu kam haushi ne. Rannan ana muhawara sai Direba ya rubuta a majalisa, “Ku bar ganin shugaban nan naku yana cika baki, ni na goye shi, har fitsari ya sha yi min a baya.” Wayyo, dariya ta ko'ina. Mai Fanka yana shago, rana ta take, wani yana masa ihu kan fankarsa, ransa ya ɓaci, kawai ya danna, ya kori Direba.

Da yamma ya je juya yayan ya tarar ya ba bango fuska, waya a ƙarƙashin matashi a kashe. Washegari ma haka ya same shi. Inna ta tare shi a ƙofa ta ce, “Auta, me ka yi wa yayanka? Ya daina dariyar nan da yake yi shi kaɗai, abinci ma sai na roƙe shi.”

Ya shiga ya ce, “Yaya, in buɗe maka wani sunan mana.”

“In ba Direba ba ne, wa zan zama?” Iyakar abin da yayan ya ce ke nan.

Da Mai Fanka ya dawo da shi wasan a ranar da shi ke nan, ikon na hannunsa. Amma kunya ta hana, za a ce ya kori mutane ya dawo da ɗan uwansa kaɗai. Sai ya ce bari ya yi gyaran da ya fi haka, a cire wa shugaba wannan ikon gaba ɗaya kada wani ya ƙara yi wa wani. Ya rubuta cewa duk maganar zama ɗan ƙasa ta koma hannun majalisa, majalisa ta amince da gudu, shi ma ya sa hannu da gudu. Sai ya je wajen da ake dawo da mutum, wayam, babu. Ashe da kora da dawowa duk tare suka tafi.

Ya roƙi majalisa. Shugabar 'yan adawa, wata da ake kira Jan Biro, wadda ya kori mutanenta, ta ce, “Ranka ya daɗe, ai kai ka rubuta dokar. Kawo mana dalili.”

Dalili kam akwai. Ya zauna ya rubuta duka, hatsarin, bayan, ɗakin, bangon, ya san in suka karanta ba wanda zai ƙi. Ya kuma san daga ranar kowa zai riƙa ce wa Direba sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Ya daɗe yana kallon rubutun, ya goge.

Ya rubuta, “Me kuke so?”

“Ka sauka, a dawo da kowa, har naka.”

Wallahi kujerar nan yana son ta, duk duniya nan kaɗai ake ce masa ranka ya daɗe. Ya sauka. Aka kaɗa ƙuri'a, da ƙyar ta wuce.

Ya rufe shago tun la'asar ba ta yi ba, ya je ya zaro wayar ya kunna ya sa masa a hannu. Yayan ya jima yana karantawa.

“Sauka ka yi?”

“Eh, Yaya.”

“Me ka gaya musu a kaina?”

“Ban gaya musu komai ba.”

Yayan ya mai da idonsa kan silin, Inna tana tsaye a bakin ƙofa ba ta san me ake ciki ba. Can ya ce, “Ɗaga ni zaune, Auta. A hankali. Ka miƙo min caja.”