Yadda Na Tura Ja Ta Ci Shuɗiya

A shekarun da Turawa sunka fara ratsa ƙasarmu da motocin tsere, mu mutanen Buza a rediyo kawai muke jin labarinsu, kuma ba su burge mu ba. Muna da namu tseren tun kafin su zo. Motoci biyu gare mu masu zuwa kasuwar Madawa, duka bashe, ƙanana masu rumfar tanti a baya, ɗaya shuɗiya ɗaya ja. Garin nan kaf ya rabu biyu a kansu. Na san wa da ƙane da sunka daina cin tuwo a akushi ɗaya saboda gardamar wadda ta fi ƙarfin inji.

Ni ɗan Shuɗiya ne, kuma ba ƙaramin ɗa ba. Tela ne ni, kowace kasuwa sai na tahi sayen yadi, kuma kujerar gaba, kusa da shofer, wato direba, tawa ce ba gardama. Daga nan nake leƙo kai ta taga in yi wa 'yan Ja gwalo idan mun wuce su. Allah ya hore mini jiki. Rigata guda tana cin yadin da zai yi wa iyali biyar kayan salla, har a rage na hula. Idan na zauna a gaba, motar takan rusuna kamar tana gaida sarki.

Da can doka ɗaya ce: wadda hancinta ya riga taɓa inuwar itacen bedin da ke tashar Madawa ita ta ci. To akwai wata ƙorama mai rairayi a hanya, inda dole maza su sauka su tura. Da mota ta samu ta fita, shofer ba ya waiwaye. Masu ƙafa su bi da gudu su ɗare, marasa ƙafa su taka a hankali. Da anka bar ladanin unguwarmu a cikin ƙoramar, ya iso kasuwa ana kwashe rumfuna, sai sarkin tasha ya ce ya isa. Ya kafa sabuwar doka cikin damina: motocin su tashi tare, da kawuna daidai wa daida, kuma mota ba ta iso ba sai an ƙidaya kawunan da ta ɗauko an same su cif.

Wata biyu ba mu da zance a teburin mai shayi sai wannan. Mai shayin shi ne babban ɗan Ja, siriri kamar karan dawa, bakinsa ya fi wuƙar yankan burodinsa kaifi.

"Akuya kai ce ko ba kai ba ce?" wani ya tambaya.

"In akuya kai ce, to Tela garke ne," in ji mai shayi. "A ƙidaya shi goma."

"Kai dai zuba shayi," na ce. "Jarku da ke tari awa tsohon jaki, ko iska ta ɗauko ba ta kai."

"Tari take, amma ba ta taɓa durƙusa ma tela ba."

An yi gardamar goyo, an yi ta mai ciki. Sarkin tasha ya yanke cewa kai shi ne wanda ya biya kujera, nauyi kuwa ba ruwansa.

Da ruwa ya ɗauke, ƙorama ta bushe, kowane shofer ya fito da motarsa gwaji kafin kasuwar farko. Mu 'yan Shuɗiya munka cika ta, munka nufi hawan dutsen da ke bayan gari. Tana kaiwa tsakiyar hawan ta yi atishawa ta tsaya. Shofer ya ce a rage mutum ɗaya a gani. Na sauka don in miƙe ƙafa kawai. Motar nan ta haye kamar barewa. Na koma ciki, ta tsaya. Na sauka, ta haye. Sau uku. Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi mini ciwo.

Shofer ya ja ni bayan wata ƙaya, ya rage murya.

"Tela, kana son Shuɗiya?"

"Wane irin zance ne wanga, maigida?"

"To ka koma Ja."

Ya bayyana mini. Tunda kai ake ƙidaya, ni kai ɗaya ne a takarda, buhu shida a kan taya. In yi fushin ƙarya, in shiga motar abokan gaba, in zauna musu a baya. A ƙorama kuma in jingina kawai, in yi nishi, kada in tura. Da mun ci, zai faɗa wa jama'a gaskiya, kujerata ta dawo mini har abada. Mu biyu kaɗai munka sani.

Washegari na yi wasan da ya kamata a ba ni lambar yabo. Na buga kofi a tebur, na ce an wulakanta ni a kan dutse, na ce Shuɗiya gwangwanin tumatir ce. Mai shayi ya dube ni ya daɗe, sannan ya ƙara mini madara, abin da bai taɓa yi wa ɗan Adam ba. Kwana ukun da sunka rage na ci kamar mai shirin azumin shekara. Ranar kasuwa kuma na ɗauko kan keken ɗinkina, na ce gyara zan kai shi.

Ina isowa tasha na ga wanda ke zaune a gaban Ja. Surukina ne, uban matata, ya zo daga Tama zai tahi a duba mishi ido. Dattijo ne mai ƙarancin magana, wanda tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba. Na cire takalmi, na durƙusa na gaishe shi, na hau baya ina zufa tun rana ba ta yi zafi ba.

Sarkin tasha ya ƙidaya kawuna, ya saki hannu. Da farko dabara ta yi aiki. A hawan dutse Ja ta yi kuka har na ji tausayinta, Shuɗiya ta wuce mu, tsofaffin abokaina suna yi mini gwalon da ni na koya musu. Amma da munka iso ƙorama sai munka tarar da ita ta nutse har ciki. Mu ma munka faɗa kusa da ita. Maza sunka diro.

Na sa kafaɗa a bayan Ja, na kumbura kumatu, na shiga nishi ba tare da na tura ko ƙuda ba. Sai na ji ƙofar gaba ta buɗe. Tsohon nan ya sauko, ya naɗe ƙafar wando, ya zo ya sa tasa kafaɗar dab da tawa. Shofer ɗin Ja ya ce, "Baba, ku koma ku zamna." Bai kula shi ba. Ni ma bai dube ni ba. Da motar yake magana.

"Mutanen Tama sun ce na ba ƙato ɗiyata don ya cinye mata hatsi. Na ce musu a'a, ƙarfi ne."

To ku gaya mini, wane ɗan halak ne zai yi nishin ƙarya a wannan wuri? Na tura. Na rantse tayoyin baya sun bar ƙasa. Waɗanda sunka gani sun ce motar ba fita ta yi ba, tashi ta yi, ta sauka a tudu da akuya biyu suna salati. Ni kuwa na faɗi rubda ciki. Kuma saboda sabuwar doka ba su isa su bar ni ba. Mutum shida sunka ɗauke ni sunka jefa ciki, mai shayi yana riƙe da ƙafata yana kirana yayansa.

Mun sha inuwar bedi har mun gaji kafin Shuɗiya ta iso. Na tari shofer ɗinta a gaban jama'a na ce ya faɗa musu yadda munka yi.

"Ni da kai? Yaushe?" Ya kakkaɓe rairayi daga hularsa. "Ni dai na ga mutum ya ɗauki mota da kafaɗa. Shekara nawa kana Shuɗiya, ko sau ɗaya ka taɓa sauka ka tura?"

Ban taɓa ba, kuma kowa ya sani.

Kujerata wani malamin lakwal, wato makarantar boko, anka ba, mutum mara nauyi mara murya, wanda ko gwalo bai iya ba. Ni kuwa na shekara bakwai a bayan Ja, bisa taya, ina yi wa Shuɗiya addu'a a zuci. Surukina ya koma Tama da labari, kuma idonsa da anka gyara bai rage komai a cikinsa ba. Tun daga ranar, ko amalanken shanu ya kafe a yankin nan, sai a ce a aika Buza a kira mijin ɗiyarsa.