Fuseina Mai Lalle da Fim ɗin Inuwa

Na san Fuseina a shekarar 2012, lokacin da nake zaune a Dubai wurin 'yata Maimuna, wadda take aikin jinya a can. Gidanmu yana unguwar Al Muraqqabat. Fuseina kuwa tana Hor Al Anz, ɗaki ɗaya da wasu mata 'yan Gana, tana aiki a wani shagon gyaran jiki na mata. Ranar Juma'a ce ranar hutunta, takan zo ta yi wa Maimuna lalle.

Haifaffiyar zangon Kumasi ce. Uwarta tana sayar da koko da ƙosai, ubanta tela ne, a gindin teburinsa ta koyi riƙe almakashi. Lallenta irin na salatif ne. Takan shimfiɗa salatif a kan faranti, ta yanka fure da reza, ta manna a ƙafa, sannan ta shafa lalle a kai. Na yi shekaru ina koya wa yara rubutu, ban ga hannun da ya kai nata natsuwa ba.

Tana da 'ya guda, Muniratu, wadda ta bari wurin kakarta. Sanƙarau ya kama yarinyar tana ƙarama, ta tashi amma ta kurumce. Uban yarinyar ya rasu bayan haka, shi ne Fuseina ta taho neman abin da za a sa ta makarantar kurame. Matan ɗakinsu kowacce takan kira gida ta ji muryar 'ya'yanta. Ita sai dai ta tambayi uwarta ko an yi wa Muniratu kitso.

Wata Juma'a tana cikin yanka salatif sai ta ajiye reza ta ce, "Baba, Mma uwata ta ce an nuna wa yarinyar nan hotona, ta ture wayar. Ba ta jin muryata, ba ta iya karatu ba tukuna. Ranar da na koma, baƙuwa za ta ɗauke ni."

Sai na tuna wani abu na yarintata. A makarantar mishan da na yi a ƙasar Zazzau akwai wani tsohon malami Bajamushe mai majigi, da akwatin ƙarfe cike da finafinan ƙasarsu na tun kafin yaƙin duniya na biyu. Ranar Asabar da la'asar mukan toshe tagogin ɗakin taro da barguna. Ba a magana a finafinan nan ko kaɗan. Akwai wanda babu mutum a cikinsa, sai murabba'i da da'ira suna girma suna ƙanƙancewa suna bin juna, muna kiransa rawar akwatuna. Akwai kuma na mutanen da aka yanka daga baƙin kwali, inuwarsu kaɗai ake gani, amma har ƙananan cikinmu sun san wanda yake fushi da wanda yake roƙo. Malamin ya nuna mana yadda ake yi: a yanka kowace gaɓa daban, a haɗa da siririyar waya, a kwantar a kan gilashi, a sa fitila a ƙarƙashi. A ɗauki hoto, a matsa hannu kaɗan, a sake ɗauka. Idan aka jera hotunan da sauri sai mutumin kwali ya yi tafiya.

Fuseina ta saurara har na gama. Ta ce, "Babu magana gaba ɗaya, Baba?"

Na ce babu.

Ta ce, "Ashe Jamusawan nan don Muniratu suka yi."

Juma'ar da ta biyo ta zo da kwalayen takalma da ta shafa wa baƙin fenti. Muka ɗora gilashin teburin Maimuna a kan bokiti biyu, muka shimfiɗa farar takarda, muka sa fitila a ƙasa. Wayarta muka ɗaure a jikin kujera da ƙyalle, tana kallon gilashin. Waya ta ƙarfe ba ta yi mata ba, sai ta ɗinke gaɓoɓin da zare da allura, suka fi lanƙwasuwa. Na'urar sanyaya ɗaki kuma ta riƙa kwashe mata hannaye da ƙafafu, dole muka kashe ta. Wanda ya san zafin Dubai ya san abin da na ce. Gumi yana ɗiga daga haɓarta, tana matsa ƙafar kwali da bakin allura tana cewa a hankali, a hankali, da Larabcin da ta tsinta a Dubai: "Shwaiya, shwaiya."

Mai haɗa hotunan shi ne Maharazu, Bakano mai gyaran waya a Al Sabkha. Da ya zuba su a kwamfuta ya ga abin yana motsi sai ya bushe da dariya.

"Hajiyar Gana, Jamusawa sun bar wannan aiki tun kakana yana wasan ƙasa, ke yanzu kika fara?"

"Kai dai haɗa, Malam. Yalla, yi sauri, ba hira na zo ba."

"To wannan baƙin tulun da yake yawo, wane ne?"

"Tulu? Ni ce, cikin abaya!"

Ta yi fim ɗin ne yadda duk 'yan ci-rani suke ɗaukar hoton aikawa gida: ga ta cikin abaya, ga dogayen gine-gine, ga jirgin ƙasa yana wucewa a sama. So take a gani a zango cewa ba ta wulaƙanta ba. Aikin ya yi kyau ƙwarai, har tagogin benaye ta huda ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan kasuwa mai komawa Kumasi ya tafi da shi a katin memori na waya.

Amsa ta zo ba daɗi. Kakar ta ce yarinyar ta kalli jirgin, ta yi murmushi, da baƙar abar nan ta fito kuwa sai ta ɓuya a bayanta.

Fuseina ba ta zo ba Juma'ar nan. Wadda ta biyo ta zo, idanunta a kumbure, ta zauna a gaban gilashin ta ce, "Baba, yarinyar nan ba ta taɓa ganina da abaya ba. Don mutanen zango na yi wancan. Yanzu zan yi nata."

Ta yanka wata mace daga gefe, da ɗaurin ƙirji, da ɗankwali mai ƙulli a keya yadda take ɗaurawa a gida. Fuseina tana da bille a kuncin hagu. Ta sa bakin reza ta tsaga kuncin kwalin, haske ya fito ta wurin kamar farin zare. Sai ta yanka ƙaramar yarinya da baho da kofi. Babu bene, babu jirgi. Mace ta yi wa yarinya wanka, ta ɗaga ta sama, ta sauke, ta sake ɗagawa, ta goya ta, ta riƙa jijjiga ta tana bubbuga mata baya. Goyon nan kaɗai ya ci mana Juma'a guda, don ta ce ba haka take karkata ba in za ta ɗaure zani, sai da ta tashi ta gwada da matashin kujera, Maimuna tana duba mata.

Wannan karon Maharazu bai yi dariya ba. Ya kalla har ƙarshe, ya mayar farko, ya ce, "Kai, wannan ai uwata ce."

Ta ce, "Taka tana da bille?"

"Ba ta da shi, amma haka take jijjigawa."

Aka aika da wannan ma Kumasi. Muna zaune a falo ranar da kakar ta kira. Fuseina ta buɗe muryar wayar don mu ji. Tsohuwar faɗa take yi.

"Fuseina, wane irin abu kika aiko? Tun jiya ban ga wayata ba! Yarinyar nan ta ɗauke, gida gida take shiga a zango, tana nuna matar cikin fim ɗin, tana nuna kuncinta, tana dukan ƙirjinta. Har wurin liman ta kai. Yanzu ma wayar maƙwabta na ara. Masu sayen ƙosai suna nemana ba sa samu!"

"Mma, ta gane ni?"

"Ei, ban gaya miki ba? Da wutar wayar ta ƙare ta yi ta birgima a ƙasa, sai da aka kai aka sa mata."

Fuseina ta rufe fuska da gyalenta, kafaɗunta suna rawa, ban san ko dariya ce ko kuka ba. Da ta ɗago ta ce, "Mma, ki bar mata wayar. Khalas, shi ke nan, ta zama tata."