Tocila Ta Huɗu

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: na yi wata biyar ina zagin masu sayar da tocila a kan laifin da ba nasu ba. Na kira su ɓarayi, na kira su 'yan jabu, har na tsaya a gaban teburin wani na ce kayansa ba za su yi albarka ba. Ashe duk tsawon lokacin nan abin da ya lalace yana maƙale a fuskata, ɗaya a dama da hanci, ɗaya a hagu. Aji uku na yi a firamare aka cire ni aka kai gona, amma kada a ɗora wa rashin boko wannan wauta. Ko da digiri gare ni, da na yi ta.

Gadi nake yi a lokacin, a wani gida a Asokoro. Shekara goma sha bakwai a ƙofa ɗaya. Iyalina suna Jikwoyi, ni ina kwana a ɗakin gadi, sai ran Lahadi in shiga mota in je in ga ko har yanzu sun san ni. Aikin nan shi ne tuwonmu, shi ne rufin kanmu. Ba shi da wuya kuma: ka buɗe get, ka rufe get, in magariba ta yi ka leƙa fuskar mai shigowa, ka haska but da ƙarƙashin mota. Duk aikin ido ne.

Da lambar mota abin ya fara. Da can tun daga kwana nake gane motar oga, sai na wayi gari da hon nake gane ta. Fuskokin mutane suka koma kamar ina kallonsu ta gilashin da aka shafa wa koko. Na ce tocila ce. Tsohuwar tocilata ta ƙarfe ce mai cin manyan batir uku, wadda Hajiya, matar oga, ta daɗe tana cewa ta mai da ni kamar mafarauci a ƙofar gidanta, in nemi ƙarama mai shiga aljihu.

Akwai dalilin da ya sa na fi son laifin ya zama na tocila. Gidan da ke kallon namu, wani dattijo ɗan Filato ne ke gadinsa, abokin shan shayina. Wata rana ya ce wa ogansa gwiwa tana damunsa, ko za a taimaka masa da magani. An taimaka masa. Kafin sati ya zagayo kamfanin tsaro ya kawo mai yunifom da takalmi sawu-ciki, shi kuma ya ɗaure katifarsa. Ni na riƙe masa igiya. Tun ran nan na gane cewa a unguwar nan maigadi ba ya ciwo. Tocila kuwa ana sayar da ita a kasuwa.

Ta farko a cunkoson Nyanya na saye ta, ta tagar mota, a hannun mai talla. Da na kunna ta da yamma sai na ga kamar an kunna ashana a cikin randa. Ta biyu har Dei-Dei na je nemanta, don an ce masu kayan gini ba sa ajiye kayan wasa. Ita ma haka. Wanda ya sayar mini da ita shi ne na tsine wa kayansa, Allah ya yafe mini, mutumin har kujera ya ba ni.

Ta uku da ta huɗu a wurin wata mata na same su, 'yar kudancin Kaduna mai shagon kayan wuta a kasuwar Nyanya. Tana da wani babban kwali a gefen teburinta, an huda shi ta ƙasa. Tunda da rana ake ciniki, duk tocila kuma ƙarya take yi da rana, mai saye sai ya cusa kansa a kwalin ya kunna, ya ga gaskiyarta a duhu. Ni da furfurata na durƙusa a tsakiyar kasuwa, kaina a cikin kwalin taliya, sauran jikina a waje ana wucewa. Na gwada bakwai a ranar. Na ɗauki ɗaya, bayan sati biyu na maido mata.

"Baba, ka dawo kuma?"

"Na dawo, 'yata. Kyandir kika sayar mini a cikin kwanon tocila."

"Haba Baba. Wannan tocila, mijina yana amfani da irin shi a gona."

"To mijinki mujiya ne. Ki ba ni wadda ta fi kowacce haske a shagon nan, ƙarama, mai batir. Ban son ta caji, unguwarmu ta Jikwoyi wuta baƙuwa ce."

Ta buɗe wata durowa ta fito da wata 'yar baƙa, tsawonta bai fi ɗan yatsa da rabi ba, da nauyi kamar ƙusar jirgin ƙasa. Ta nuna mini lambobi a jikin kwalinta, wai yawan haskenta ke nan. Na gyaɗa kai kamar na karanta. Ta kunna ta nuna rufin shago, da rana tsaka, na ji wata mai sayen soket a bayana ta yi tsaki ta matsa.

Ni ina da nawa gwajin, wanda na ƙirƙiro da kaina nake kuma alfahari da shi: in juyo tocila in haska idona. In ta yi zafi, mai kyau ce. Na karɓa na juyo ta.

"Baba, kar ka sa shi a ido."

Na sa. Na ga wani abu kamar wata a bayan hadari. Ban ƙifta ba. Da na sauke sai na tarar matar ta daina murmushin ciniki, ta matso tana kallon fuskata.

"Baba, ka je a duba maka ido. Mamana haka ya yi. Akwai fari-fari a ciki, ina gani daga nan."

"Ikon Allah. Na zo wurin mai tocila, ashe asibiti aka buɗe. Nawa ne katin ganin likita?"

Mutanen shagon suka yi dariya, na ji daɗi, na biya na fita ina ganin na ci nasara. Haka nake tun ina yaro. In aka ba ni zaɓi tsakanin gaskiya da dariyar mutane uku, dariyar nake ɗauka.

Tocilar nan, a yi mata adalci, ba ta yi ƙarya ba. Ni ban ga haskenta ba, amma ina jin sa a bakin mutane. In na haska direban oga sai ya ce, "Baba, so kake in afka wa katanga?" Kuku ya ce kwana ya yi yana ganin kore-kore. Akwai wani ƙanen Hajiya da bai taɓa yi mini sallama ba, ranar da na ɗora masa ita a fuska ya kira sunan Allah sau biyu, na ce ko banza na sa shi zikiri. Duk wanda ya yi magana na gane muryarsa, sai in buɗe. Dabarar ke nan: haske ya sa su magana, kunne ya yi aikin ido. Batir take ci kamar akuya a rumbu, ƙanana biyu duk bayan kwana uku, amma na ce ba komai. Na ɗauka na yi wa duniya wayo.

Ranar da abin ya ƙare, an idar da magariba ke nan, ana yayyafi, janareta na ruri a bayan ɗakina. Wata mota ta tsaya a get ta yi hon da ban sani ba. Ban san motar oga ta lalace a ofis ba, ban kuma san wani babba ne, wanda yake gaba da oga a wurin aiki, ya rage masa hanya zai shigo su gaisa da Hajiya ba. Na fita da ƙarfina. Direban ya ce in buɗe, muryar baƙuwa ce, na ce sai na ga na baya. Aka sauke gilashi. Na haska na farko, ya kare fuska da hula, bai ce komai ba. Na zagaya na haska na biyu. Shi ma shiru. Na matsa har ina jin ƙamshin turarensa, turaren da nake shaƙa shekara da shekaru, amma ruwa da hayaƙin janareta sun rufe mini hanci, ko kuma girman kai ne. Na riƙe tocila taƙi ɗaya daga fuskarsa na ce:

"Kai kuma waye? Wa kake nema a gidan nan?"

Baƙon ne ya fara dariya, irin ta manya, a hankali. Sannan na ji muryar da na sani.

"Buɗe ƙofa, Baba."

Washegari aka kira ni falo. Sau uku na taɓa shiga falon nan, duk ɗaukar kaya ne. Oga yana zaune can ƙarshen ɗaki, ni ina tsaye bakin kafet, na tuɓe takalmi.

"Baba, yatsu nawa na ɗaga?"

Na yi lissafi. Mutum in zai gwada ka, ba ya ɗaga ɗaya, ba ya ɗaga biyar.

"Uku, ranka ya daɗe."

Daga baya kuku ya gaya mini hannayen oga duka biyu suna kan cinyarsa.

Ƙarshen wata aka sallame ni, da buhun shinkafa da tsofaffin kaftanin oga guda biyu. Ina haɗa kaya Hajiya ta aiko a ce in bar tocila, ta gida ce, sabon mai gadi zai yi amfani da ita. Na buɗe baki zan ce daga aljihuna ta fito, sai na tuna bakin nan ne ya kawo ni nan. Na sa mata sabbin batir, na kunna ta, na rufe a durowar ɗakin gadi. Iyakar fansar da na iya ɗauka ke nan bayan shekara goma sha bakwai.

Na yi wata takwas a Jikwoyi ina zaune a ƙofar ɗaki, matata na suyar ƙosai muna ci da ribar. Sai wasu likitoci suka zo aikin ido kyauta a filin wata coci, matar ɗan Filaton nan ce ta aiko mana da labari. Yanar ido ce, suka ce. Suka cire ta dama, ta hagu sai wani zuwan, ba su kuma dawo ba. Da ido ɗayan nan nake wannan rubutu. Ranar da aka kwance bandeji na ga matata ta tsufa, na ga bangonmu ya tsage, na ga tocila ta farko, ta cunkoson Nyanya, a kan taga. Na kunna ta. Sai da na kau da kai.

Ban koma shagon matar nan mai tocila ba. Na san hanya, ina wucewa ta ɗaya gefen titi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa ranar tafiyata aka faɗe shi. Ina tsaye a waje da katifa da buhun shinkafa ina jiran mai acaɓa, sabon mai gadi ya buɗe get, motar oga ta fito. Ta tsaya daidai inda nake. Ya sauke gilashi, ya dube ni, ko dai na ɗauka ya dube ni.

"Ai da ka faɗa mini, Baba, da na kai ka asibiti. Ƙaramin aiki ne."