Ciyawar da Baba Ya Shuka wa Dada

Ranar wata Asabar ce, cikin bazarar shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, Baba ya ɓata mini shara. Na tashi tun da sassafe na share tsakar gidanmu na Kazaure fes, daga bakin zaure har gindin rijiya, na bi da tsintsiya na yi wa ƙasar zanen nan da nake taƙama da shi, wanda ko kaza ce ta taka sai na bi ta da jifa. Ina tsaye ina yaba aikina sai ga Baba ya fito daga madafa da kwanon toka a hannu. Ya naɗe ƙafar wando, ya sunkuya, ya fara zuba tokar yana ja da baya. Ya ja dogon layi daga katangar gabas, ya fitar masa da rassa hagu da dama, ya kafa tsinke a ƙarshen kowane reshe. Haushi ya cika ni kamar in fashe. Na ce, "Baba, yanzu fa na share!" Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Uwata, zo riƙe mini bakin igiyar nan." Haka yake kirana, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi kuwa ba ya iya faɗinsa.

Mahaifiyar tasa, wadda muke kira Dada, Bafulatana ce daga can saman tsaunin Mambila. Shekarar da ta gabata Baba ya je ya ɗauko ta, bayan idanunta sun daina gani, ɗakinta ya zube, sa'anninta kuma duk sun riga ta tafiya. An gyara mata ɗaki, an sa mata katifa da fanka, amma Dada ta ƙi kwance ƙunshin kayanta. Yana nan a kan gado wajen kanta, ɗaure tamau, kullum da safe sai ta shafa shi ta ji yana nan. Akwai wani ɗan uwansu mai fataucin shanu da ya yi mata alkawarin zai biyo ya tafi da ita kafin ruwa ya sauka hanyar dutse ta lalace, kuma shi take jira. Kowa a gidan ya san in ta tafi babu mai kula da ita a can, kuma Baba ba zai sake ganinta ba. Sai dai ba shi da bakin roƙonta, don shi ne ɗanta na fari. Dada ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana ido da ido. In ya durƙusa gaishe ta sai ta juya fuska bango ta amsa can ƙasa-ƙasa, in kuwa dole ta ambace shi sai ta ce "wancan mutumin". Saboda haka duk wata magana tsakaninsu ta bakina take bi, ni kuma dama Allah ya yi ni da surutu.

Ni ce mai jan hannunta zuwa banɗaki, ni ce mai dama mata fura, kullum tana ƙorafin nonon garinmu ruwa ne aka yi wa farin fenti. In rana ta take, duwatsun da suka kewaye garin suka ɗau zafi suka fara maido shi cikin gidaje, sai ta zauna bakin ƙofa tana ba ni labarin garinsu, inda ciyawa ke kai wa mutum gwiwa, inda mai tatsar safe ke dawowa da bakin zane sharkaf ba tare da an yi ruwa ba. Wata rana ta miƙa ƙafa ta taɓa ƙasar da na share, ta janye da sauri, ta ce, "Takwara, garinku tanda ce. Ƙafata ta manta da raɓa." Ni abin dariya ya ba ni. Da yamma na kai wa Baba ruwan alwala na kwashe na faɗa masa, har da kwaikwayon muryarta. Bai yi dariya ba. Ya daɗe riƙe da butar bai zuba ba, kuma Asabar ɗin da ta biyo baya ce ya fito da kwanon toka.

Baba ma'aikaci ne a sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, ya taɓa ganin irin wannan ban-ruwan a wani gidan saukar baƙi a Kano, inda ruwa ke fitowa daga cikin ƙasa yana juyi da kansa. Ya kira abokinsa Bitrus mai gyaran famfo, wani gajere mai yawan dariya daga wajen Jos, suka tsuguna kan layukan tokar suna gardamar nisan da ruwan kowane kai zai iya kaiwa, don kada wani wuri ya jiƙe wani ya bushe. Sannan aka shiga haƙa. Wanda bai taɓa sa diga a ƙasar Kazaure cikin bazara ba bai san wahala ba: ka sara, diga ta yi tsalle ta dawo maka, tsakuwa ta feso maka a ido. Kwana da kwanaki tsakar gidan na rarake. Ƙannena da yaran unguwa suka mai da ramukan filin langa, mu mata muka koma zaure da 'yar carafkenmu, Umma kuma tana tsallake rami da tukunyar tuwo tana cewa wata rana sai an kwashi wani a ƙasa. Aka shimfiɗa fararen bututan roba, Bitrus yana shafa wa bakinsu wani gam mai hawa kai yana cusa wannan cikin wancan, aka ɗaura 'yan kawunan feshin da Baba ya sayo a Kano.

Ranar gwaji an ɗora tanki a kan tsohuwar randar ƙarfe, an cika shi daga rijiya, yara sun cika gida. Aka buɗe famfo. Muka zuba ido muna jira. Can sai kawunan suka fara tsiyaya a hankali kamar hancin mai mura. Yara suka kwashe da dariya, har Umma sai da ta rufe baki da gefen mayafi. Bitrus ya sosa ƙeya ya ce ruwa ba ya tsalle sai ya gangaro daga sama, ya ɗaga kai yana kallon dutsen da gidanmu ya jingina da shi. Washegari samari suka taru suka tura tankin nan saman dutsen da igiya da kabbara, aka ƙara bututu, aka haɗa ɗan injin da zai riƙa tura ruwa sama in an kawo wuta. Aka cire kawunan aka saki ruwa ya wanke yashin da ya shiga ciki, aka mayar. Da aka buɗe wannan karon sai ruwa ya tashi fuuu, yana juyawa, har da ɗan bakan gizo a cikinsa. Wallahi ban san lokacin da na shiga ciki da kayan jikina ba.

Daga nan aka rufe ramukan, Baba ya sa aka kawo taki da baƙar ƙasa, shi da kansa ya je fadamar bakin dam ya ciko amalanke da kiri-kiri, ciyawar nan mai yaɗo da manoma suka tsana kamar me. Nan fa unguwa ta samu abin magana. Dattawan majalisa suka ce su sun ƙare rayuwarsu suna yaƙi da kiri-kiri a gona, ga wani ya ɗauko ta a amalanke ya kai ta gida yana shayar da ita. Umma ta ce ruwan da za a yi wanki da shi ne ake ba ciyawa. Baba dai sai ya ce don rage zafi ne, ya yi gaba. Ni kaɗai ya ja gefe ya ce kada in gaya wa Dada komai sai ciyawar ta rufe ƙasa, ranar nan in jawo hannunta in tsayar da ita a kai. Aikina ya juye. Maimakon shara, sai korar awaki da kaji, da hawa dutse bayan sallar asuba in buɗe famfo na ɗan lokaci in rufe. Dada takan karkata kunne ta ce, "Wane irin ruwa ne wannan mai sauka ba hadari?" Ni kuma in ce aikin famfo ne ake yi, ina cije leɓe, don riƙe magana ya fi mini ɗaukar tulu wuya. A hankali ciyawar ta kama, ta fara miƙa hannuwa tana haɗuwa, saura kaɗan ta rufe.

Sai ranar da Inna Tabawa ta zo. Yayar Umma ce, daga Roni, mace mai tsafta da zafin nama wadda ba ta iya ganin aiki ta zauna. Ta sauka daga acaɓa da buhun gyaɗa ba ta sanar ba, ta tarar Baba na wajen aiki, Umma ta tafi suna Babura, mu muna makaranta, Dada kaɗai ke ɗaki. A wurinmu ciyawa a tsakar gida abin kunya ce ga matar gida, alamar ƙazanta ce da lalaci, kuma maɓoyar maciji da kunama. Inna ta ga abin da ta ɗauka asirin ƙanwarta ne ya tonu, ta ɗaura ɗamara, ta aro fartanya a maƙwabta.

Da na dawo daga makaranta na shigo zaure, sai jakata ta faɗi. Ƙasa jajir, an nome tas, an tara ciyawar a gindin katanga. A tsakiya kuma ruwa na ɓulɓulowa daga inda fartanya ta fasa bututun da ke kai ruwa tanki, na sama yana gangarowa, Inna na durƙushe tana cusa tsumma, gumi na zuba, fuskarta cike da jin daɗi. Ta ce, "Ke da uwarki ba ku da kunya? Gida kamar ba mace a cikinsa! Maciji kuke kiwo?" Ina tsaye baki buɗe Baba ya shigo da babur ɗinsa. Ya tsaya ya duba gabas, ya duba yamma. Yayar matarsa ce, baƙuwa, kuma alheri ta yi niyya, ina bakin faɗa? Sai ya russuna ya ce, "Sannu da aiki, Yaya. Allah ya saka da alheri." Ya jingine babur, ya hau dutse ya tsayar da ruwan, ya zauna a can gefen tanki bai sauko ba. A makon nan ake sa ran zuwan mai fataucin shanu.

Na faɗa ɗakin Dada ina kuka har da shessheƙa. Ta lalubo kaina ta ce wa ya mutu. Nan na kwance mata komai, tun daga maganar raɓa, da toka, da tankin da aka kai saman dutse, da dariyar da majalisa ke yi wa Baba. Dada ta saurare ni har ƙarshe. Can ta miƙo hannu ta ce, "Kai ni." Na jawo ta har gindin katanga. Ta sunkuya ta damƙi ciyawar, ta murza, ta kai hanci ta daɗe tana shaƙa, ƙafafunta cikin caɓalin ruwan bututu. Ta ce, "Kiri-kiri ce. Fartanya ba ta kashe wannan, rana ce ke kashe ta." Sannan ta ce in je in kwance ƙunshinta in ɗauko zannuwan da ke ciki, in jiƙa su in lulluɓe tarin. Na ce, "Dada, ƙunshin naki?" Ta ce, "Kurma ce ke?"

Ta zauna dirshan cikin laka, tana tona rami da yatsa, ina miƙa mata saiwa tana dasawa tana dannawa. Inna Tabawa da ta gane abin da ta yi sai ta ɗora hannu a ka tana salati, ta ce garin neman gira ta rasa ido, ta yar da fartanya ta durƙusa ita ma ta kama dashe. Muna cikin haka Dada ta juya fuskarta wajen katanga, ta ɗaga murya yadda za a ji har saman dutse, ta ce, "A gaya wa wancan mutumin ya zo ya gyara bututunsa. Ciyawa ba ta jira." Ban kai ga isar da saƙon ba, na hango Baba yana saukowa yana goge fuska da hannun riga.

Mai fataucin shanu ya zo kamar yadda ya yi alkawari. Dada ta ce masa ya je, ita tana da dashe a ƙasa, sai ya kama. Da ya dawo wata shekarar ta ce awaki sun yi yawa a unguwar, in ta tafi wa zai kore su. Ba ta taɓa cewa ta zauna ba, ba ta kuma sake ɗaure ƙunshin ba. Kullum bayan asuba sai in jawo ta in tsayar da ita kan ciyawar ba takalmi, in hau dutse in buɗe famfo, in hango ta daga can tsaye, ruwa na jiƙa mata bakin zane, Baba kuma na zaune bakin zaure da carbi kamar ba ita yake kallo ba. A gidanmu Allah ya karɓi ranta ina ajin ƙarshe na sakandare, kuma Baba ne ya sa ta a kabari da hannunsa.

Yanzu ina aure a Dutse, a gidan da aka shafe tsakarsa da siminti tun daga ƙofa har ƙofa, shara ba ta ɗaukar 'yata ko minti biyar. Gidanmu na Kazaure ma ƙanena ya zuba siminti don ajiye mota, tankin ya daɗe da tsagewa, Baba ya bi Dada. Amma bututan suna nan kwance a ƙasa inda toka ta nuna, kuma duk damina kiri-kiri sai ta samu tsagar siminti ta leƙo. Bara da muka je, na ga 'yata ta sunkuya za ta tuge ta, don ni ce na koya mata cewa mace ba ta barin ciyawa a tsakar gida. Na riƙe hannunta na ce ta bari, na cire takalmina na taka. Ashe ni ma ƙafata ta manta da raɓa.