Awon Lindsay Trembath

Shekara talatin da takwas Lindsay Trembath ya yi yana aikin titi a kewayen garin Bendigo, kuma duk wanda ya yi aiki da shi ya san halinsa. Bai yarda da abin da aka zana a takarda ba sai ya je ya sa tef ya auna da hannunsa. Matarsa Glenys takan ce ko burodi ta gasa sai ya duba ko gefensa ya miƙe.

Bayan ya yi ritaya takarda ta zo masa daga kotu. Aka yi ƙuri'a, ya faɗo cikin mutum goma sha biyu na gari da za su saurari wata shari'a, su ce an yi laifi ko ba a yi ba. Direban wata motar kaya ake tuhuma da buge Tegan Mulcahy, 'yar shekara sha tara, tana kan keke a wata kwana, ta rasu. Shekara biyu da wata huɗu maganar ta yi a hanya: 'yan sanda suka shigar da ƙara, majistare ya duba hujjoji ya tura ta babbar kotu, can ma aka ɗage sau biyu. Iyayen Tegan kullum suna benci na biyu, uban riƙe da littafi yana rubuta duk abin da aka faɗa.

Tun ranar farko alƙaliya ta ja musu kunne. Abin da aka gabatar a ɗakin nan kaɗai za su yi aiki da shi, kada kowa ya yi bincikensa, kada kowa ya je wurin. Lindsay ya gyaɗa kai tare da kowa.

Shari'ar duk ta rataya a kan abu ɗaya: daga nisan mita nawa direban zai iya hango keken. Injiniyan masu ƙara ya ce casa'in. Lindsay kuwa shi ya zuba wa kwanar nan kwalta. Ranar Asabar da safe ya ce wa Glenys zai je sayen taki, ya saka tef a aljihu.

Ranar Litinin su sha biyun suna shan shayi a ɗakinsu na kotu, ya faɗa musu ya je kwanar ya auna.

"Ka ce me, Lindsay?" in ji Rhonda, mai gyaran gashi, wadda suka naɗa shugabarsu.

"Sittin da huɗu. Sau biyu na auna."

Wani mai aikin famfo ya ce, "To dattijo, tunda ka je ai da ka cike mana ramukan." Ba wanda ya yi dariya.

"Ka san dole in rubuta wa alƙaliya," in ji Rhonda.

"Gaskiya fa na kawo muku."

"Ba ka rantse ba, ba lauyan da ya yi maka tambaya a kanta. Ga shi mu sha ɗaya duk mun ji."

Kafin ƙarfe sha biyu alƙaliya ta sallame su gaba ɗaya, a rana ta bakwai, saura shaida ɗaya. Ta ce za a sake daga farko da wasu mutane, bayan wata goma. Ba ta kama sunansa ba. Lindsay ya ga uban ya rufe littafinsa. Uwar, wadda ta zauna aka nuna hotunan 'yarta a kan titi ba ta fita ba, tana tambayar lauya ko za a sake nuna su.

A gida Glenys ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta ce, "Me ya tare maka gani a kwanar?"

"Bishiyoyi."

"Shekara biyu da wata huɗu ba sa girma?"



Da aka sake zaman, ya tuƙa mota zuwa kotun ya tsaya a tsallaken titi. Ya ga uban Tegan ya hau matakala shi kaɗai. Lindsay ya jira har aka rufe ƙofa ko uwar za ta biyo baya. Ba ta zo ba, shi ma bai fito daga motar ba.