Ranar da Baba ya ba mu baya

Ciwon da ya kwantar da yayata ya fara da ƙafafu, ya hau hannuwa, daga baya ya tafi da muryarta. Wuya da kai kawai ya bar mata. Ina shekarar farko a jami'a lokacin, a nan Zinder, sai wani malaminmu ya saka mini manhaja a tsohuwar ordinatar ɗina, wato kwamfuta. Kyamara ke bin motsin kai, kibiyar allo ta bi shi. In aka tsaida ta kan harafi na ɗan lokaci, harafin ya shiga. Na gwada a kaina har wuyana ya sage kafin in kai mata.

Ta koya da sauri. Abu na farko da ta rubuta wa Inna shi ne kunun ya cika tsami.

Ana cikin haka Baba ya yanke shawarar a kai ta ƙauyenmu wajen Zermu, wurin wani mai magani, ta zauna har kaka. Can babu wuta. In ta tafi, ta koma shiru. Ta rubuta mini cewa ita za ta faɗa masa da kanta.

Da la'asar na jingina ta da matasai, na daidaita kyamarar. Baba ya yi sallama ya shigo. Nan take ta sunkuyar da kai, yadda muka taso muna yi a gabansa, kibiyar ta gangara ƙasan allo ta tsaya.

"Yaya, ɗago kaɗan," na ce a hankali.

Ta ɗago, ta haɗa ido da shi, kan ya sake faɗuwa.

"Abin naku ya lalace ne?" in ji Baba.

Ni ma kaina a ƙasa yake. Da ƙyar na ce, "Lafiyarsa lau, Baba. Sai ta ɗaga kai yake aiki. Nauyinka take ji."

Sai ya ja tabarma zuwa bakin ƙofa, ya zauna yana kallon tsakar gida.

"To ga ƙeyata, uwata. Rubuta."

Sunan mahaifiyarsa gare ta, haka yake kiranta. Ta ɗago. Harafi ya shiga, wani ya bi, ina karantawa a bayyane, ni da ban taɓa musa masa ba: "Baba, ka yi haƙuri. Kar a kai ni inda ba zan iya magana ba."

Bai juyo ba. Awaki na ta kuka a bayan gida.

"Mai maganin yana da ƙafa," ya ce. "Ranar kasuwar Mirriya zan aika ya zo." Ya gyara zama. "Akwai saura? Faɗi duka tun ina zaune."